Takwarata Baturiya

Sunana A'isha. A gidanmu can Katsina Indo ake kirana, kamar yawancin A'ishoshin zamaninmu, Inna kuwa ko Indon ba ta faɗa, saboda ni ce 'yar fari. A'isha sunan takarda ne kawai: rajistar makaranta, katin asibiti, daga baya fasfo. Da maigidana ya ci bizar lotiri muka taho Amurka, sai sunan takardar ya shige gabana. A ƙasar nan kafin a ga fuskarka an riga an ga sunanka, a takardar neman aiki, a saƙon neman haya, a jerin 'yan aji. Wanda ya gani kuwa yakan gama siffanta ka a ransa tun ba ka iso ba.

Mun sauka a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, garin da 'yan'uwanmu 'yan Nijar suke da yawa, Zabarmawa da Hausawan Maraɗi da Damagaram. Su suka karɓe mu, su suka nuna mana masallaci da shagon da ake samun daddawa da busasshiyar kuɓewa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a kunnen Baturen Amurka A'isha sunan baƙar Ba'amurkiya ne, sahu ɗaya da Keisha da Tamika da Latoya.

A wajen neman gida na gane haka. Yara sun fara girma, ɗaki ya yi mana kaɗan, na ga tallar wani gida a intanet na tura saƙo da sunana. Shiru. Na sake turawa, shiru, tallar kuma tana nan ba a sauke ba. Sai na buga waya. Wata dattijuwa ta ɗauka, ta ji harshena, ta tambaye ni 'yar ina ce. Na ce Najeriya. Nan take muryarta ta sake, har da dariya. Ta ce ai ta ga saƙonnina, sunan ne ya sa ta ɗauka ɗaya daga cikin "na nan" ce, amma ita ba ta gudun 'yan Afirka na ainihi, suna da ladabi, suna biyan haya a kan kari. Ta ce in zo gobe in duba gidan. A ganinta yabo ta yi mini. Na ajiye wayar jikina a sanyaye. Da maigidana ya dawo na ba shi labari, ya yi jim, can ya ce, "Indo, wadda ta zagi mai kama da ke a gabanki, ke ta zaga, sakayawa kawai ta yi." Ba mu je ba.

Aikin jinya nake yi a gidan kula da tsofaffi: wanka, sauya shimfiɗa, ba da abinci a baki, juya marar lafiya kada gefensa ya yi gyambo. A can na haɗu da wata baƙar Ba'amurkiya, ta girme ni nesa, 'yar cocin Baftis, haifaffiyar garin, kakanninta a gonakin taba na jihar suka yi bauta. Yaya nake ce mata, ta kuma karɓa. A hutun dare muna shan shayi na ba ta labarin mai gidan haya. Ko gezau. Ta ce in je in nemi wani bincike da aka yi a kan sunaye, in ga inda nawa ya faɗo.

Na nema na samu. Malaman jami'a biyu ne, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka ƙirƙiri takardun neman aiki kusan 5,000 suka aika wa masu tallar guraben aiki a jaridun Boston da Shikago. Da ƙuri'a suke liƙa wa kowace takarda suna, wannan Emily ko Greg, waccan Lakisha ko Jamal, don kada wani abu ya raba su in ba sunan ba. Sakamakon ya fito a 2004. Mai sunan Turawa in ya aika takarda 10 ana kiransa sau ɗaya, mai sunan baƙaƙe sai ya aika wajen 15. Suka lissafa cewa sunan Bature shi kaɗai ya kai ƙarin shekara 8 na gogewa a aiki. Na bi jerin sunayen ɗaya bayan ɗaya. A na mata Aisha ce ta kutal: kashi 2.2 cikin ɗari aka kira, alhali Kristen ta haura kashi 13. A na maza Rasheed ne a ƙasa, Kareem da Hakim ba su yi masa nisa ba. A 2001 da 2002 aka aika takardun, lokacin harin 11 ga Satumba, ni dai a raina na ce kaya biyu aka ɗora wa sunayen nan, na fata da na addini. Su malaman sun ce tazarar da ke tsakanin wannan suna da wancan tana iya zama dace kawai. Amma wadda ta ga sunanta a gindin jeri ba ta mantawa.

Da wannan sani a cikina nake, shekaru bayan haka, lokacin da maƙwabciyata ta ce za ta yi mini takwara.

Baturiya ce, yarinya ɗanya, ƙofarta na kallon tamu. Daga wani ƙauye a duwatsun yammacin jihar ta fito, uwarta ta rasu tun tana makaranta, mijinta direban babbar mota ne, in ya tafi sai a daɗe ba a gan shi ba. Cikin fari ne, ya zo mata da mugun laulayi, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Wata rana na same ta a matakala ta haɗa kai da gwiwa. A wurinmu ai ba a wuce mai ciki a haka. Na dama mata kunun tsamiya, shi kaɗai ya zauna mata, daga ranar ya zama kullum. Nakan kai ta awo in ba ni da aiki, in ƙafafunta sun kumbura in ɗora mata su a kan matashi in matsa. Mis A'isha take ce mini, yadda 'yan kudancin ƙasar suke girmama babba. Daren da naƙuda ta tashi mijin yana wata jiha da kaya. Ni na tuƙa ta asibiti, hannuna ta riƙe har farcenta ya shiga fatata, ni na fara ganin jaririyar bayan ungozoma: jawur, kai ba gashi, idanu ruwan toka.

A asibitocin nan ba a jiran kwana bakwai, kafin a sallami mai jego ake kawo mata takardar haihuwa ta cike. Washegari na dawo da farfesun kaza na tarar da takardar a kan cinyarta, mijin ya iso yana tsaye da hularsa a hannu. Ta ce sun yi shawara, Aisha za su sa mata, in na yarda.

Bahaushe ya san nauyin wannan magana. Mutum ya duba duk dangi da abokan arziki ya ce halinka yake so ɗansa ya ɗauko, ba ƙaramin abu ba ne. Hawaye suka zubo mini. Amma ban bari daɗi ya rufe mini baki ba. Na jawo kujera na ce ta ajiye biron tukuna. Na ba su labarin mai gidan haya, na ba su na takardun Boston da Shikago da inda sunan ya faɗo. Na ce, "'Yar nan, sunan nan yana da darajar da ba zan iya kwatanta miki ba. Na matar Annabinmu ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi, malamar da maza suka ɗauki ilimi a wurinta. Amma a ƙasarku akwai kaya a kansa, kuma jaririyar nan ce za ta ɗauka, ba ke ba." Mijin ba mai yawan magana ba ne. Ya ce shi a hanya yana ganin yadda ake tsayar da abokan aikinsa baƙaƙe a bar shi ya wuce, ba yau ya san ƙasarsa ba. Ita kuma ta ce lokacin da take amai a matakala, masu sunayen da ake so a takarda wucewa suka yi. Ta ɗauki biro ta rubuta. Sunan marigayiya uwarta ta sa a tsakiya.

Uwar mijin ce ta fara ta da ƙura. Ta zo barka ta ji sunan, fuskarta ta sauya. A gabana ta daure, amma bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, kuma ba ta rage murya ba. Ta ce sunan geto ne, wato unguwannin talakawan baƙaƙe. Ta ce malamai za su raina yarinyar tun ba su gan ta ba, in ta girma ba mai kiranta aiki, an cuci jikarta don a burge maƙwabciya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matar nan da bakinta na sha jin tana cewa wariya ta ƙare a Amurka, baƙaƙe ne masu son ƙorafi. Ranar da abin ya zo kan jininta ta lissafo wariyar tsaf, daga aji ɗaya har ofishin ɗaukar ma'aikata, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ashe an sani.

Ba ita kaɗai ba ce. Sunayen baƙaƙen Amurka abin ba'a ne a barkwancin talabijin da hirar ofis: a ja sunan, a murguɗa baki, a kwaikwayi mace mai masifa. In an ce Tyrone wasu ɗan daba suke gani, alhali sunan wani yanki ne a Ireland ta Arewa. Leroy da Andre da Monique daga Faransa suka zo. Ba abin da ya sami sunayen nan illa baƙaƙe sun so su. Har na'ura ta koyi halin. A 2013 wata farfesa a Harvard, Latanya Sweeney, baƙar mace, ta nuna cewa in ka nemi suna irin na baƙaƙe a Google an fi nuno maka tallar da ke nuni da cewa an taɓa kama mai shi. A kan sunanta ta fara gani, ita da ba a taɓa kamawa ba.

Maganar tsohuwar ba ta hana ni barci ba. Ta Yaya ce ta hana ni.

Na je aiki da murnata na nuna mata hoton jaririyar a waya. Ta ce kyakkyawa ce, Allah ya raya. Da na faɗi sunan sai ta miƙo mini wayar ta ci gaba da juya shayinta. Can ta ce, "Ƙanwata, wannan yarinya riga aka ba ta, ranar da ta ji zafi za ta tuɓe. In ta aika takarda aka yi shiru, ta je da ƙafarta, suna ganin fuskarta magana ta ƙare, har su ce sunan ya yi daɗi. Tawa 'yar in ta je da ƙafarta, abin da suke gudu ne ya shigo."

Ta ce in san sunayen nan ba daga sama suka faɗo ba. Wasu abubuwan a bakinta na ji a daren, wasu daga baya na karanta. Kakanninta an sauke su daga jirgi an raba su da sunansu, ubangida ya sa musu wanda ya ga dama, Caesar, Pompey, Venus, sunan gida kuma nasa ne. Wasu sun riƙe na gida a ɓoye da bayyane: sunayen ranar haihuwa na mutanen Gana, Cudjo da Cuffee, sun daɗe a gonakin bayi, irin dai namu na Ladi da Talatu da Ɗanjuma. A wannan jiha tamu aka riƙe Umar bin Sa'id, malami daga Futa Toro, wanda ya gudu aka kulle shi a kurkukun Fayetteville yana rubutun Larabci a bango. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya mutu yana bawa, Turawan wurin suna ce masa Moro. Bayan 'yanci ma ba a bar musu girman suna ba. Dattijo mai furfura "yaro" ake ce masa, mace kuwa ko ta yi jika da alƙali, gatsal za a kira sunanta. A 1963 wata mai fafutuka, Mary Hamilton, ta ƙi amsa tambaya a wata kotu a Alabama sai an ce mata Mis Hamilton kamar yadda ake ce wa Turawa. Aka ɗaure ta da laifin raina kotu, sai da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1964. Mu da kunya take hana mu faɗin sunan miji da na ɗan fari, ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan.

A 1964 ɗin ne Cassius Clay ya zama Muhammad Ali, jaridu da yawa suka yi shekaru suna ƙin rubuta sabon sunan. A 1967 ya kara da Ernie Terrell, wanda ya nace da ce masa Clay, yana dukansa yana tambayarsa sunansa. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙe, ya jefar da sunan gidansu Little ya sa X a gurbin sunan da aka sace wa kakanninsa. Daga nan iyaye suka shiga neman sunayen Larabci da na Suwahili, wasu suka ƙera nasu sabbi fil, da La da De da Sha a gaba, don a samu suna ɗaya a gidan da ba ubangida ne ya zaɓa ba. Wasu malaman jami'a, Roland Fryer da Steven Levitt, sun bi takardun haihuwa na Kalifoniya sun ga haka ƙarara: a shekarun 1960 sunayen baƙaƙe da na Turawa ba su da nisa, cikin ɗan lokaci a farkon shekarun 1970 suka rabu. Yaya ta ce ita da take da cikin 'yarta zama ta yi da biro tana haɗa harufa, har ta samu wanda ba wanda yake da shi a danginsu kaf.

"An yi mana dariya a kan sunayen nan," in ji ta, "an hana mu aiki a kansu, muka ƙi saki. Yanzu a ɗauka a sa wa 'yar Bature, a ce ya yi kyau."

Na ce, Yaya, sunan nan nawa ne tun ban san akwai Amurka ba, kuma yarinyar ba a hanya ta tsince shi ba, a ɗakin haihuwa ta same shi. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta ce a sauya ba. Amma in riƙe abu ɗaya: da na sauka ƙasar nan na tarar Bature ya iya furta A'isha, ko da yana yatsina, wasu ne suka koya masa da jikinsu. Gaskiya ta faɗa, kuma ta wuce maganar suna. A tsakiyar garin nan ne, ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu na kwalejin A&T suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da aka haramta wa baƙaƙe, suka ƙi tashi. Wurin gidan tarihi ne yanzu. Guguwar da irinsu suka tayar tana cikin abin da ya kawo dokar 1965, wadda ta soke fifita Turawa wajen shigowa ƙasar. Ta ƙofar da suka fasa muka shigo da akwatunanmu.

Ni dai ina nan a kan cewa maƙwabciyata ta yi daidai. Da don ƙawa ta sa, ta ji sunan ya yi mata daɗi, ba ta san masu shi ba kuma ba ta damu ta sani ba, da ni zan fara hana ta. Amma ta san mai sunan, an gaya mata abin da ke kansa, ta ce ta ji ta gani. Fushin Yaya kuwa ba da jaririya take ba. Da ƙasar da take yaba abu a jikin wani ta kushe shi a jikin wani take, kuma a nan ina bayanta.

Namu mutanen ma sun tofa. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne na masu cewa ai ni ma da na yi dabara da tuni na sauya rubutun sunana, kada a haɗa ni da "akata", kalmar da wasu 'yan Najeriya ke jifan baƙaƙen Amurka da ita, wadda na hana faɗa a gidana. Na san gidajen da Rashid ya koma Ray ba don wuyar furuci ba. Ban zargi uban da yake tsoron ɗansa ya rasa aiki ba. Amma wanda ya yi don ƙyamar a ɗauke shi baƙin Ba'amurke, maganar mai gidan haya ya karɓa hannu bibbiyu. Ɗan sandan da zai tsayar da ɗansa da dare ba zai tambaye shi Katsina ko Alabama ba. Amadou Diallo ɗan Gini ne, 'yan sandan New York suka buɗe masa wuta a ƙofar gidansa a 1999, harsashi 41.

Ranar kwana bakwai na yi abin da takwara take yi. Ba rago, tunda ba addininsu ba ne, amma na soya waina na yi miyar taushe, na haɗa kayan barka: riguna, sabulu, zanen goyo, da ƙananan 'yan kunne na zinariya da uwar ta adana sai ta girma. Matan Nijar suka zo suka cika ɗakin da guɗa. Na kira Inna a waya na ce an yi mini takwara Baturiya. Ta yi salati, ta yi doguwar addu'a, sannan ta tambayi me za a riƙa ce wa yarinyar, don ita bakinta ba zai faɗi sunan 'yar fari ba ko a kan 'yar Nasara ne. Ta ce a ce mata Humaira, tunda ja ce. Yaya ma ta zo da bargon jarirai da ta saƙa da hannunta, ta ɗauki yarinyar ta daɗe tana yi mata wasa, ba ta kira sunan ba.

Abin da ta faɗa kuwa na gan shi da idona. Na raka su allurar rigakafi, muna zaune a ɗakin jira, ma'aikaciya ta fito da fayil ta kira Aisha, idonta a kan wata baƙar mata da ke can gefe, sannan a kaina. Da Baturiya ta miƙe da jaririya, sai ta sake duba fayil ɗin, ta yi dariya, ta ce kai, suna mai daɗi, ina kuka samo shi. Irin sakin muryar da na taɓa ji a waya. Haka aka yi a gidan renon yara, haka aka yi ranar shiga aji ɗaya, inda malamar ta ce wa uwar, da fara'arta, ba haka ta zata ba. Da can uwar takan yi murmushi ta wuce. Yanzu ba ta wucewa. Takan tsaya ta tambaya a natse, me kika zata? Ta ce mini ba a taɓa ba ta amsa ba, sai dai fuska ta yi ja a sauya magana. Ta ce kafin ta haifi 'yar nan ba ta san ana yanke wa mutum hukunci tun yana bayan ƙofa ba, don ita ba a taɓa yi mata ba. Surukarta har yau da sunan tsakiya take kiran jikar. Yarinyar kuwa da ta yi wayo ita ke gyara wa mutane, ta ce sunanta Aisha, na maƙwabciyarsu ta ci. Gidana ba ta buƙatar iso, tuwo da hannu take ci.

Bara ɗana na fari ya gama jami'a ya shiga neman aiki. Abba muke ce masa, sunan kakansa ne, kuma sunan yana cikin sunayen baƙaƙen maza tara da aka yi gwajin Boston da Shikago da su. Wani dare ya same ni a kicin da kwamfutarsa ya ce, "Umma, abokaina sun ce in sa harafin farko kawai." Shi ma ya yi nasa karatun. Ya nuna mini wani gwaji na baya-bayan nan da malaman jami'o'in Berkeley da Shikago suka yi, takardu wajen 83,000 zuwa manyan kamfanoni 108. Bambancin yana nan, wajen maki 2 cikin ɗari, sai dai ba ko'ina yake da ƙarfi ba: ɗaya cikin biyar na kamfanonin su ke da kusan rabin laifin. Na ce masa abincinsa ne, ba zan yi masa dole ba, duk wanda ya zaɓa ba zan ga baƙinsa ba. Amma tunda ya tambayi ra'ayina na faɗa: an yanka masa rago a kan sunan nan, kuma kamfanin da zai jefar da takarda saboda shi, gara ya jefar tun yanzu da a ce ya shiga ya yi shekaru a ƙarƙashinsu. Babansa ya ce ya yi istihara. Ya aika da cikakken sunansa. Wurare da yawa sun yi masa shiru, wasu sun kira, yanzu yana aiki a Raleigh.

Da na gaya wa Yaya ta ce in taya ta yi masa murna. 'Yarta, mai digiri na biyu, har yau harafin farko take sawa a takardar neman aiki, kuma uwar da ta zauna ta haɗa sunan da hannunta ita ta ba ta shawarar.